Yadda Za Ka Koya wa Ɗaliban Manhaja Iya Magana da Bidiyo: Jagora ga Malaman Kumasi

Ɗalibi zai kwana uku yana rubuta manhaja, ta tashi tana aiki sumul, amma in ka ce ya miƙe ya yi wa mai aikin, wato wanda ya sa a yi manhajar, bayanin abin da ya yi cikin minti biyu, sai bakinsa ya mutu. Ko dai ya dinga zuba kalmomin fasaha har mai sauraro ya gaji ya ce "to, Allah ya taimaka", ko ya sunkuyar da kai yana hira da fuskar kwamfuta. Wannan jagorar ta mai koyarwa ce, ko a jami'ar KNUST yake, ko a Jami'ar Fasaha ta Kumasi, ko a wani ɗaki mai kwamfuta goma a Aboabo ko Asawase inda ake horar da matasan Zango da yamma.

Tun farko a san abu guda: kallon bidiyo ba ya koya wa kowa magana. Da yana koyarwa, da duk mai waya ya zama gwani. Bidiyo yana aiki ne idan ɗalibi ya tsayar da shi ya rubuta abin da ya gani, sannan aka juya kamarar aka ɗauke shi shi ma, ya kalli kansa, ya sake. Duk matakan da ke ƙasa hanya ce ta kai ɗalibi wurin nan.

Mataki na farko: zaɓi irin maganar da za ka koyar

Kada ka sa wa darasin suna "iya magana" ka bar shi haka, ya yi faɗi da yawa. Injiniyan manhaja yana da wuraren magana sanannu, kuma kowanne da nasa hali. Huɗu sun isa zangon karatu ɗaya: zaman jin buƙatar mai aiki, gajeren taron safe na 'yan ƙungiya, gaya wa abokin aiki cewa akwai kuskure a aikinsa, da gabatar da manhaja ga wanda bai san fasaha ba. In lokaci ya ƙure, riƙe na farko da na uku. Su ne suka fi kashe aiki.

Ɗalibai da yawa suna ganin wannan darasi ɓata lokaci ne, su kodi, wato rubuta manhaja, suka zo koyo. Ba su hujja daga cikin sana'arsu. A watan Satumba na 1999 hukumar NASA ta yi asarar kumbon da ta aika duniyar Mars, saboda manhajar ɓangare ɗaya tana fitar da lissafin ƙarfi da ma'aunin fam, ɗaya ɓangaren kuma yana karɓa a matsayin ma'aunin niyuton. Kowane ɓangare ya iya lissafi, abin da ya ɓace tsakaninsu magana ce. Sannan ka rubuta musu lissafin da Fred Brooks, masanin aikin manhaja, ya shahara da shi tun 1975: mutum biyar a ƙungiya suna da hanyoyin magana 10 a tsakaninsu, mutum goma kuwa 45. Ka ce su ƙirga na ƙungiyarsu. Ko takardar nan ta Agile, wani tsarin aikin gina manhaja, da mutum 17 suka sa wa hannu a jihar Utah ta Amurka a 2001, ɗaya daga ƙa'idojinta 12 cewa take yi magana baki da baki ita ce hanya mafi inganci ta isar da bayani a cikin ƙungiya. Minti goma sun isa wannan gabatarwa, kada ka mai da ita lacca.

Mataki na biyu: shirya bidiyon misali, biyu-biyu

YouTube cike yake da bidiyon koyar da magana, wasu ma masu kyau ne, kuma ba laifi ka ɗauko ɗaya ko biyu don gabatarwa a gaban jama'a. Sai dai yawancinsu an ɗauke su ne a ofisoshin Amurka ko Ingila, inda ƙaramin ma'aikaci ke kiran shugabansa da sunan yanka. Ɗalibinmu zai kalla ya ji daɗi, amma ba zai ga kansa a ciki ba. Wanda zai fara yi wa aiki wataƙila mai shagon atamfa ce a Kejetia, ko shugaban makarantar Islamiyya da ke son tsarin karɓar kuɗin makaranta ta momo, wato tura kuɗi ta waya, ko mai ɗakin shan magani a Tafo. Saboda haka ka ɗauki naka.

Ga kowane yanayi ka yi bidiyo biyu, labari ɗaya, mutane ɗaya. A na farko ɗalibi ya yi abin da aka saba yi, a na biyu ya yi daidai. Kada na farkon ya zama wasan barkwanci. In ya yi muni da yawa kowa zai yi dariya ya ce ai ni ba haka nake ba. A yi shi yadda ɗalibi mai hankali, mai ladabi, zai iya kuskurewa.

Ga misali. Hajiya tana sayar da atamfa da leshi, tana ba da kaya bashi, tana son abin da zai riƙa tuna mata masu bashi. A bidiyo na farko saurayi ya zo, ya gaishe ta yadda ya kamata, ya buɗe kwamfuta.

"Hajiya, na gane matsalarki. Za mu haɗa miki datbes, mu ɗora a kilaud, kowane kwastoma da akawun ɗinsa, ke kuma kina da dashbod."

"To, ɗana."

"Kin gane ko, Hajiya?"

"Na gane. Kai dai ka yi abin da ya dace."

Babu rashin kunya a nan, babu ƙarya. Amma ya tashi bai san komai game da kasuwancinta ba, ita kuma ba ta san abin da za ta biya kuɗinsa ba.

A bidiyo na biyu kwamfutar tana cikin jaka.

"Hajiya, in mace ta karɓi turmi biyu yau ba ta biya ba, a ina ake rubutawa?"

"Ga littafin nan. Yarinyata ce ke rubutawa, ni idona ba ya son ƙananan rubutu."

"Zan iya dubawa? Na ga an rubuta 'matar direba', an rubuta 'mai Bawku'. Sunayensu ke nan?"

"Haka na san su. In ka rubuta min sunan da ke kan katin Gana, wallahi ba zan gane kowa ba."

"In sun zo biya, gaba ɗaya suke kawowa?"

"Ina! Wata ta kawo sidi hamsin yau, wani mako ta turo ta momo, wata sai Sallah ta matso."

"Bari in maimaita, ki gyara min in na kuskure. Kina son ki nemo mutum da sunan da kika san shi, ki ga abin da ya rage masa ko da kaɗan-kaɗan yake biya, kuma rubutun ya zama manya. Akwai abin da na bari?"

"Ka bar ɗaya. Ban son a tura wa kowa saƙon neman bashi ba da sanina ba. Akwai wadda mijinta bai san ta ci bashin ba."

Dubi abin da tambaya huɗu suka fito da shi: filin laƙabi, biyan kuɗi gutsure-gutsure ta hanya biyu, girman rubutu, mutum biyu masu amfani da manhaja ɗaya, da kuma dokar sirri wadda da an karya ta da an kashe wa wata aure. Wannan na ƙarshen bai fito ba sai da ya maimaita abin da ya ji ya tambayi abin da ya bari. Nan ne wurin da za ka so ɗalibai su tsayar da bidiyon.

Game da tsawo, kada kowanne ya wuce minti shida. Wani bincike da Philip Guo da abokan aikinsa suka fitar a 2014, bayan sun duba zaman kallo miliyan 6.9 a dandalin karatu ta intanet mai suna edX, ya nuna cewa komai tsawon bidiyo, yawancin masu kallo ba sa wuce kusan minti shida hankalinsu na kai. Minti uku zuwa huɗu ya fi. Kuma kada ka rubuta wa 'yan wasan kowace kalma, za su koma karatu. Ba su abin da kowa yake so da abin da yake ɓoyewa, ka bar su su yi hirar da bakinsu. Tsofaffin ɗalibai sun fi dacewa da wannan, in ka samu 'yar kasuwa ta gaske ta yarda ta zauna, to ka yi sa'a.

Mataki na uku: ɗaukar bidiyon

Waya ta isa. Kwantar da ita a kan abin ɗorawa mai ƙafa uku ko tarin littattafai, taga ta kasance a bayan mai ɗauka, haske na dukan fuskokin masu magana. A saka mutum biyun duka a cikin hoto, har hannuwansu, domin rabin darasin yana fuskar mai sauraro.

Sauti ya fi hoto muhimmanci, nesa ba kusa ba. Ɗalibi zai jure hoto mai hazo, amma in bai ji magana ba zai rufe. Sayi ƙaramin makirufo na maƙalawa a riga, ana samunsa a shagunan kayan waya na Adum. In babu, ajiye waya ta biyu a kan tebur kusa da bakunansu tana ɗaukar murya, ku tafa hannu sau ɗaya a farko don a samu wurin haɗa sauti da hoto. Kashe fanka. Lura da ranar da ka zaɓa kuma: Asabar a Kumasi ranar jana'iza ce, lasifika ba ta barin kowa, Lahadi da safe coci-coci sun tashi, in damina ce kuma ruwa a kan kwano yana cinye murya gaba ɗaya. Hantsin ranar aiki, a ɗakin da ba ya kallon titin da pragya, babur mai ƙafa uku, ke bi, shi ne daidai.

Idan darasin ya shafi nuna abin da ke fuskar kwamfuta, kamar duba kodin abokin aiki, OBS Studio kyauta ne, yana ɗaukar fuskar kwamfuta da fuskar mai magana a lokaci ɗaya.

Mataki na huɗu: isar da shi ba tare da an cinye wa ɗalibi data ba

Matse bidiyon da manhajar HandBrake, ka rage girman hoton zuwa 480p. Don hirar mutum biyu wannan ya wadatar, kuma minti biyar kan tsaya a wajen megabait 30. Tura shi zauren WhatsApp ko Telegram na aji, ko ka raba shi a cikin aji waya zuwa waya ta Xender, ba a kashe ko kobo ba. Abin da ake so shi ne bidiyon ya sauka a wayar ɗalibi, ya iya kallo ko dumsor ya ɗauke wuta ko data ta ƙare. In makarantarku tana da dandalin karatu na Moodle, wani kayan aiki da ke cikinsa mai suna H5P yana ba ka damar dasa tambaya a tsakiyar bidiyo ya tsaya sai an amsa. Yana da kyau, amma kada rashinsa ya hana ka farawa, takarda da biro suna yin aikin.

Mataki na biyar: kallo da biro a hannu

Nan ne yawancin malamai ke sakin layi. Su tura bidiyo, su ce a kalla kafin Litinin, Litinin ta zo kowa ya ce ya kalla, kuma da gaske ya kalla, a cikin trotro daga Tech Junction, kunne ɗaya a bidiyo ɗaya a wurin kwandasta.

A 2014 masu bincike Michelene Chi da Ruth Wylie sun kasa yadda ɗalibi ke hulɗa da darasi zuwa hawa huɗu. Mafi ƙasa shi ne karɓa kawai, kamar kallo. Sama da shi yin wani motsi, kamar tsayarwa da komawa baya. Sama da wannan kuma ɗalibi ya fitar da wani abu nasa wanda ba ya cikin darasin. Na ƙoli shi ne biyu su yi musayar ra'ayi kowa na gina kan maganar ɗan'uwansa. A Jami'ar Canterbury ta ƙasar New Zealand an gina wani dandali mai suna AVW-Space a kan wannan tunani, inda ɗalibai ke rubuta sharhi a kan bidiyon koyon gabatarwa da hulɗa suna cikin kallo. Kai ba ka buƙatar dandalin, kana buƙatar ɗabi'ar.

Ba kowane ɗalibi takarda mai gida uku: minti da daƙiƙa, abin da na gani ko na ji, abin da ya haifar. Ka nemi aƙalla sharhi biyar a kowane bidiyo. Sharaɗin shi ne gida na biyu ya ƙunshi abin da kamara ta ɗauka, ba hukunci ba. "Bai iya magana ba" ba sharhi ba ne. "1:42, ya tambaye ta ko ta gane, ta ce e, amma ta kalli yarinyarta" sharhi ne. Makon farko kusan kowa zai kawo maka irin na farkon. Mayar musu. Wanda ya koyi bambance abin da ya gani da abin da ya yanke, ya riga ya koyi rabin rubuta rahoton matsala a manhaja, domin shi ma haka yake: me ka danna, me ka zata zai faru, me ya faru.

A ƙasan takardar ƙara layi biyu: "wannan ni ma ina yi" da "wannan ban san ba na yi ba". Ba za ka ba da maki a kansu ba, amma a cike su.

In an zo aji, kada ka sake kunna bidiyon daga farko zuwa ƙarshe. Raba su uku-uku, su kwatanta takardunsu, su zaɓi daƙiƙa ɗaya da suka yi saɓani a kanta. Sai ka kunna wannan wurin kaɗai. Gwada kuma kunna shi babu sauti, su faɗi wa ke jin daɗin zaman wa ke son tashi. Wata rana ka tsayar da bidiyo na farko daidai inda Hajiya ta ce "kai dai ka yi abin da ya dace", ka nuna ɗalibi ka ce, "Kai ne a wurin, me za ka ce mata yanzu?" Kada ka nuna bidiyo na biyu sai sun gama kawo nasu. In ka nuna da wuri za su haddace shi kamar karatun allo, su riƙa maimaita tambayoyin saurayin ko a inda ba su dace ba.

Mataki na shida: juya kamarar

Wannan dabara ba sabuwa ba ce. Tun 1963 a Jami'ar Stanford Dwight Allen da abokansa suka fara horar da sababbin malamai ta hanyar ba su gajeren darasi su koyar, a yi musu gyara, su sake, kuma ba a jima ba aka shigar da ɗaukar bidiyo cikin tsarin. Abin da ya sauya shi ne yanzu kamarar tana aljihun kowa.

Kafin a ɗauki kowa, a yi maganar izini. Dokar kare bayanan mutane ta Gana ta 2012, wato doka mai lamba 843, ta shafi hoton mutum da muryarsa, don haka a rubuta yarjejeniya gajeriya kowa ya sa hannu: wa zai kalla, ina za a ajiye, yaushe za a goge. Ka kafa doka mai tsauri cewa duk wanda ya fitar da bidiyon wani zuwa TikTok ko sitatus ya fita daga darasin. A Zango kowa ya san kowa, bidiyo ɗaya ya zagaya unguwa, ba za ka sake samun wanda zai tsaya gaban kamara ba. Akwai ɗalibai mata da ba za su so a ɗauki fuskarsu ba, wasu saboda gida, wasu don ra'ayin kansu. Kada ka tilasta. A fara da murya kaɗai, ko a ɗauka da wayarta bidiyon ya zauna a hannunta, ta nuna wa wadda ta amince da ita.

Fara da abu mai sauƙi: daƙiƙa 60, taron safe. Me na gama jiya, me zan yi yau, me ya tsayar da ni. A Scrum, wani tsarin aikin ƙungiyar masu manhaja, wannan taro minti 15 ne ga ƙungiya gaba ɗaya, kuma ko da yake jagorar tsarin ta 2020 ta daina wajabta waɗannan tambayoyi uku, ga mai koyo har yanzu suna da amfani. Abin da za ka sa wa ido shi ne ta uku. Ɗalibanmu ba sa son cewa sun maƙale. Za ka ji "ina kan aiki, an kusa", alhali kwana huɗu ke nan yana fama da abu ɗaya. Sa kowa ya faɗi matsala ɗaya ta gaske, ya kuma ambaci wanda yake neman taimakonsa: "Biyan kuɗi ba ya dawo min da amsa tun jiya, na gwada abu biyu, ina son wanda ya taɓa haɗa momo ya duba min bayan taro."

Daga nan a hau zuwa wasan mutum uku: injiniya, mai aiki, mai ɗauka. Ba mai aikin kati da injiniyan bai gani ba, mai ɗauke da buƙata ɗaya da ba zai faɗa ba sai an tambaye shi daidai. A yi minti huɗu, a juya, kowa ya zauna a kowace kujera.

Mataki na bakwai: gyara, sannan a sake

Mai bidiyo ne zai fara kallon kansa, shi kaɗai, sau biyu. Kallon farko ba a koyon komai, mutum na jin haushin muryarsa ne da yadda kunnensa ya fito. A na biyu ne zai cike takarda mai gida uku a kan kansa. Bayan nan abokansa biyu su ba shi nasu, kowanne da abu ɗaya da zai riƙe da abu ɗaya da zai sauya, da daƙiƙarsa. Kai malam ka zo a ƙarshe, kuma ka taƙaita. In ka fara magana, babu wanda zai saɓa maka, aji ya mutu.

Abu ɗaya kawai zai gyara a ɗauka ta biyu. Wanda aka ba gyara bakwai ba ya gyara ko ɗaya. Kuma a sake ɗaukar a ranar, ko a cikin makon, sannan a ajiye biyun gefe da gefe ya kalla. Wannan kwatancen shi ne ke sa ɗalibi ya yarda cewa magana aba ce da ake koya, ba baiwa ba ce da aka haifi wasu da ita.

Inda al'adarmu ta shigo

Littattafan koyar da magana na Turawa za su ce a kalli mutum cikin ido. Yaron da aka rena a Zango an koya masa cewa ƙura wa babba ido rashin tarbiyya ne, kuma ba kuskure aka koya masa ba. In ka rage masa maki don ya sunkuyar da kai gaban Alhaji, ka zalunce shi. Abin da ya kamata ya koya shi ne karanta wurin da yake: gaban dattijo a shago, ya sauke ido amma ya riƙa ɗagowa yana duba ko an fahimce shi, a taron intanet da kamfanin waje, ya kalli kamara, domin can kawar da ido kan sa a zaci mutum bai tabbata da maganarsa ba. Ɗauki bidiyon yanayin biyu da ɗalibi ɗaya, a gani a ido.

Gaisuwa ma haka. Kada ka yanke ta daga bidiyon misali don rage tsawo. Wanda ya faɗa shagon Hajiya ya fara da manhaja bai tambayi kasuwa da iyali ba, ya rufe ƙofar da yake son shiga.

Mafi wuya shi ne gaya wa na gaba da kai cewa ya yi kuskure, ko abin da yake so ba zai yiwu a lokacin da ya sa ba. Ka ba wannan mako biyu cur. A gwada kalmomin da ke riƙe girma ba tare da sun binne gaskiya ba: "Yallaɓai, in ana son ya fita ranar Juma'a zai yiwu, amma ban da ɓangaren rasit. In da rasit ne, sai mako na sama. Wanne ka fi so?" Ga ladabi, ga zaɓi, kuma babu alkawarin ƙarya. Tsakanin tsara kuma matsalar takan juye, gyara ya zama gori. A bidiyon duba kodi, sa su ƙirga sau nawa aka ce "kai" da sau nawa aka ambaci layin da ke da matsala.

Sai harshe. Ɗalibin Kumasi yana rubuta kodi da Turanci, ya yi ciniki da Twi, ya koma gida da Hausa, wani ma da Dagbani ko Frafra a kai. Kada darasin ya tsaya a Turanci. Sa kowa ya yi bayanin manhajarsa sau biyu, ɗaya da Turanci ga injiniya, ɗaya da Hausa ko Twi ga mai shago, a ɗauki duka. Wanda bai fahimci aikinsa ba yakan ɓuya a bayan kalmomin Turanci, da an ce ya faɗa da Hausa sai asiri ya tonu.

Fita waje da ba da maki

A zango mai mako 12, ga yadda zan raba: biyu na farko ga kallo da sharhi kawai, biyu ga taron safe, uku ga jin buƙatar mai aiki, biyu ga faɗin kuskure da faɗin "ba zai yiwu ba", sauran ga gabatarwa. A cikin makonni ukun tsakiya kowace ƙungiya ta nemi mai sana'a na gaske, tela ko mai kemis ko mai gidan burodi, su zauna da shi minti 15. A nemi izininsa kafin a kunna komai, in bai yarda da hoto ba a ɗauki murya, in bai yarda da wannan ba ɗaya ya riƙa rubutu. Su koma wurinsa bayan mako guda su karanta masa abin da suka fahimta da harshensa, su dawo da jerin abin da ya gyara musu.

Wajen maki, kada ka auna kyawun Turanci ko ƙarfin murya, in ba haka ba masu surutu za su kwashe komai. Auna abin da ake iya nunawa a bidiyo: ya yi tambayar da ba a amsa ta da e ko a'a, ya bar mutum ya gama magana, ya maimaita abin da ya ji, ya fassara kalmar fasaha ko ya kauce mata, ya rufe zaman da wa zai yi me kuma yaushe. Ba da kaso mai tsoka ga bambancin ɗauka ta farko da ta ƙarshe, da kuma ingancin sharhin da ɗalibi ya rubuta wa wasu.

In ajinka ya kai mutum ɗari, ba za ka iya kallon kowa kowane mako ba, kuma ba dole ba ne. Ƙungiyoyin uku-uku su ɗauki nauyin gyaran mako-mako, kai ka zaɓi goma ka kalla ba tare da sun san na wa za ka ɗauka ba, ka tabbata kafin zango ya ƙare ka ga kowa sau biyu. Ranar da aka fitar da sakamako, tura wa kowane ɗalibi bidiyonsa na farko da na ƙarshe, sannan ka goge naka kwafin a gabansu, kamar yadda yarjejeniyar ta ce.